Numfashin Inji: Darasin Masu Tseren Amurka Ga Garejin Azare

Duk wanda ya taɓa kai babur ko injin ban ruwa gareji a Azare ya san wannan zaman. An kwance kan inji, wanda makanikai ke kira tof, an kife shi bisa kwali a inuwar maina. Yaron gareji ya lakato man gurza mai kama da toka ya shafa a bakin bawul, ya manna masa sanda mai roba a kai, ya shiga murza ta tsakanin tafukansa kamar mai burga miyar kuka. Ya ɗaga, ya juya, ya sake murzawa, har ƙarzar ta mutu, sautin ya koma sul. Sai ya goge, ya mayar da sifirin, ya ɗago kai.

"Oga, ya zauna."

"Bari kalanzir ya faɗa mana," in ji maigidan. Ya karkata tof ɗin, ya tsiyaya kalanzir a ramin da iska ke bi, suka zuba wa gefen bawul ido. Minti ɗaya, minti biyu, ko danshi babu. Aiki ya yi.

Gwaji ne mai kyau, kuma ba ya cin ko kwabo. Sai dai tambaya ɗaya yake amsawa: in bawul ya rufe, yana riƙewa? Akwai ta biyu, wadda ƙarfin inji ya rataya a kanta: in ya buɗe, iska nawa ke wucewa? Wannan ba a cika yin ta a garejinmu ba, domin ba mu da mudun da za mu auna amsarta. Waɗanda suka fi kowa nutsewa a cikinta su ne masu tseren mota na Amurka, musamman ajin da doka ta hana canja kayan inji. Azare ba ta da filin irin wannan tsere. Amma halin da doka ta jefa su ciki, shi ne halin da aljihu ya jefa makanikinmu: ga abin da kamfani ya ƙera, sai ka san yadda za ka yi da shi.

Mai kaɗan, iska da yawa

Direba zai ce maka mota da mai take tafiya. Rabin zancen ya faɗa. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone tas, sai ya haɗu da iska kilo 14.7. In aka juya lissafin zuwa lita, lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000, wato duro 45 irin mai ɗaukar lita 200. Ƙara wa inji mai ba wuya, murɗa kusa ɗaya a kafireto ta isa. Iska ce mai taurin kai. In ba injin da aka sa wa tobo ba, babu mai tura ta ciki. Fistin ne ke sauka ya bar gurbi, nauyin iskar sarari ya danna ta ta matatar iska, ta kafireto, ta bututu, ta ramin cikin tof, ta kewaye kan bawul ta faɗa silinda.

Lokacin da take da shi kuwa ƙiftawar ido ta fi shi tsawo. Inji mai bugu huɗu da ke juyi 6,000 a minti, bawul ɗin shigar iska yana buɗewa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Babur mai cc 100, in da zai cika cikinsa a kowane bugu, zai zuƙi lita 300 a minti, duro ɗaya da rabi, duk ta ramin da bai wuce kaurin babban yatsa ba. A galibin injuna, wannan rami da bakin bawul su ne wurin da ya fi matsi a duk hanyar.

Masu dawakin hawan sallar Sarkin Katagum ba su buƙatar dogon bayani a nan. Doki da hanci kaɗai yake numfashi. Komai ƙoshinsa da dawa da harawa, ranar da numfashi ya gaza, sukuwa ta ƙare.

Tseren da aka ɗaure wa hannu

A shekarar 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Kalifoniya, da nufin janye samari daga tsere a titunan gari zuwa fili mai doka da alƙalai. Tseren miƙaƙƙe ne, mota biyu kafaɗa da kafaɗa, daga tsaye cik zuwa ƙarshen rubu'in mil, mita 402. Manyan motocin da ke shan mai na musamman an rage musu nisan zuwa ƙafa 1,000 a 2008, bayan hatsarin da ya kashe direba Scott Kalitta, amma sauran azuzuwa suna nan a kan rubu'in mil ɗinsu.

Cikin azuzuwan akwai wanda ake kira Stock Eliminator, na motocin da suka fito daga kamfani don sayarwa ga kowa. Ana raba su rukuni-rukuni ta hanyar raba nauyin mota da ƙarfin dokin da aka ƙiyasta wa injinta. Dokarsu a kan tof mai tsauri ce. Dole ya zama mai lambar zubin da aka amince wa wannan inji. Ba a yarda a faɗaɗa ramin iska ba, ko a goge shi, ko a yi masa walda, ko a cike wani gefe, ko a zuba masa ruwan batir don ya ci ƙarfe a ɓoye. Girman bawul na kamfani ne. Nisan da bawul ke ɗagawa na kamfani ne. Kwarmin da wuta ke tashi a ciki yana da ƙa'idar cc da ba a sauka ƙasa da ita. A babban taronsu na shekara a Indiyanafolis, akan kira wasu motocin rumfar bincike, mai mota ya kwance injinsa da hannunsa, alƙalai su auna komai. Ajin da ke sama da su, Super Stock, an yarda masa ya gyara ramin, amma cikinsa ba zai wuce awon da aka rubuta ba.

To in kowa da irin tof ɗaya, ina bambancin mai nasara da na baya? Amsar ta farko tana wurin maƙeran zubi. Wanda ya taɓa kallon masu zuba tukwanen alminiyam a cikin yashi ya san tukunya biyu daga uwa ɗaya ba sa fitowa daidai. Haka tof. Ramin iskarsa da dunƙulen yashi ake fitar da shi lokacin zubi, in yashin ya goce da ɗan kaɗan, ramin ya goce ke nan har abada. Don haka gwanayen wannan aji sukan tara tof da yawa masu lamba ɗaya, su auna su ɗaya bayan ɗaya, su ɗauki wanda Allah ya ba sa'a. Amsa ta biyu tana wurin yankan mazaunin bawul, ɗan zoben nan da yaron gareji ke gurzawa, domin nan ne dokar ta bar musu ƙofa. Dukansu biyu ba sa yiwuwa da ido. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima.

Teburin awon iska

Mudun da suke amfani da shi tebur ne mai rami a sama, da injunan zuƙar iska a ciki. Ana ɗora tof a kan bututu mai faɗin silindar injin, a toshe duk wata kafa. A cire sifirin mai ƙarfi a sa mai laushi, a kafa kusa a kan sandar bawul da agogon awo, yadda za a iya buɗe shi kaɗan-kaɗan a san iya buɗewar. A bakin ramin akan naɗa laka ta roba a yi mata gefe mai lanƙwasa, domin baki mai kaifi shi kansa yana tare iska ya ɓata awo.

Ma'auni biyu ne ke aiki. Na farko tiyo ne mai ruwa a ciki, wanda ke nuna ƙarfin zuƙar: gwargwadon yadda injin ke ja, gwargwadon yadda ruwan ke hawa. Na biyu yana nuna yawan iskar da ta wuce, ta hanyar bi da ita ta wata huda da aka san girmanta a auna bambancin matsi gaba da bayanta. Amurkawa suna ƙirga ta da CFM, kowane ɗaya daidai da lita 28.3 a minti. Mai awo zai buɗe bawul kaɗan, ya daidaita zuƙa, ya rubuta. Ya ƙara buɗewa, ya sake daidaita zuƙar ta koma inda take, ya rubuta. Haka har ƙarshe. Abin da ake samu layi ne mai hawa, ba lamba ɗaya ba.

Tunanin ya girmi tseren kansa. Injiniyan Ingila Harry Weslake ya yi suna da auna iskar tof tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanoni irin su Jaguar da Austin suka amfana da aikinsa. Abin da ya kai teburin hannun ƙananan garejoji shi ne kamfanin SuperFlow, wanda ya fara sayar da ɗan ƙarami daga Colorado Springs a farkon shekarun 1970. Ƙarfin zuƙar da aka fi yarda da shi a yau shi ne wanda ke ɗaga ruwa inci 28, kimanin santimita 71, kuma ana danganta yaɗuwarsa da shahararren makanikin Daytona, Smokey Yunick.

Wannan inci 28 ba ado ba ne. Kafin iskar da ke bin rami ta ninka biyu, sai ƙarfin zuƙa ya ninka huɗu. Tof ɗin da ya ba da 100 a inci 7, shi ne zai ba da 200 a inci 28, ba tare da an taɓa shi ba. Duk wanda ya faɗa maka lambar tof ɗinsa bai faɗi ƙarfin zuƙar ba, kamar ɗan kasuwa ne da ya ce maka mudu goma bai ce mudun wace kasuwa ba. Akwai kuma lissafin da suka daɗe suna yi a ka: a inci 28, kowane CFM zai iya ciyar da kimanin rubu'in ƙarfin doki a silinda ɗaya, in sauran injin ya cika sharaɗi. A inji mai silinda takwas, ƙarin CFM biyar ya kai ƙarfin doki goma. A tseren da ake raba gardama da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, wannan dukiya ce.

Abin da teburin ya tona

Abu na farko da ya rushe shi ne zaton cewa babban rami ya fi. Iska tana da nauyi, kuma in ta ɗauki gudu ba ta son tsayawa. A rami madaidaici, gudunta yana ci gaba da cusa ta cikin silinda ko bayan fistin ya kai ƙasa ya fara dawowa. In aka hauge ramin, gudun ya mutu, ɗigon fetur ya riƙa kwantawa a bango, inji ya yi sanyi a ƙaramar wuta. Mutane da yawa sun ɗauki dutsen gurza sun lalata tof mai kyau, garin gyaran gira suka rasa ido.

Na biyu shi ne kwana. Ramin iska yana shigowa a kwance, sannan ya lanƙwasa ƙasa zuwa bawul. Je ka tsaya a gaɓar kogin Jama'are da damina, inda ya yi kwana. Ruwa yana dukan gefen waje yana zaizayarsa, a gefen ciki kuwa ya yi lumui, yana juyi yana ajiye yashi. Iska ma haka. In kwanar ciki ta yi kaifi, sai ta saki bango ta yi guguwa, guguwar ta toshe wani yanki na ramin kamar an cusa tsumma. Mai awo yana jin wannan da kunne, sautin ya tashi daga shuu ya koma fata-fata, ruwan tiyo ya kama rawa. Wasu sukan zura zare a kan sanda su ga inda yake miƙewa da inda yake kaɗawa.

Na uku, wanda ya fi shafar mu, shi ne ƙaramar buɗewa. Bawul sau ɗaya yake kai ƙololuwa a kowane bugu, amma duk matakan da ke ƙasa sau biyu yake ratsa su, da tafiya da dawowa. Kafin ɗagawarsa ta kai rubu'in faɗin kansa, tazarar da ke tsakaninsa da mazauninsa ce ƙofar gaskiya, ba ramin ba. Shi ya sa ake yanka mazaunin da kusurwa uku, galibi digiri 30 da 45 da 60: ta tsakiya ita ce ke rufewa, biyun kuwa matakala ce da ke lallashin iska ta juya a hankali. Yawan gurza da man gurza yana faɗaɗa ta tsakiyar, ya cinye sauran, bawul ya nutse cikin tof. Kalanzir zai ce ya zauna, alhali numfashi ya ragu.

Inda teburin ke yaudara

Ba a yi wa teburin adalci ba in aka ɗauke shi boka. Iskarsa mai sanyi ce, busasshiya, tana tafiya bai ɗaya. A cikin inji kuwa tana tsayawa ta tashi sau hamsin a daƙiƙa, ɗauke da fetur, matsin yana hawa da sauka fiye da inci 28 nesa ba kusa ba. Babu fistin a teburin, balle zafin hayaƙin da ke fita ta ɗaya bawul ɗin. An sha ganin tof mai babbar lamba ya sha kaye a hannun mai ƙaramar lamba. Don haka gwanayen ba sa tsayawa nan: daga tebur sai na'urar gwajin ƙarfin inji, daga nan sai fili, inda agogo ke yanke hukunci. Amfanin teburin shi ne kwatanci: wannan da wancan, kafin gyara da bayan gyara, silinda ta ɗaya da ta huɗu.

Suna kuma auna iskar ranar kanta. A tsohon filin Bandimere da ke kusa da Denba, mai tsayin fiye da mita 1,700 daga teku, motoci sun kasance suna rasa ƙarfi ƙarara saboda iskar can ba ta da kauri. Kusan kowane ɗan tsere yana yawo da ma'aunin zafi da matsi da danshi.

Mu dawo gida

Wannan lissafin yana aiki a ƙasar Katagum ba tare da an canja ko waƙafi ba. Iskar da ke digiri 42 ta fi ta digiri 20 rashin kauri da kusan kashi 7 cikin ɗari. Direban Golf ko Sharon da ke jigila tsakanin Azare da Kano ko Potiskum, in ya ce motarsa ta fi ja da asubahin hunturu a kan azahar ɗin Afrilu, ba camfi yake yi ba. Kafireton da aka saita da sanyi, da bazara mai ya fi ƙarfin iskarsa, sai baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya.

Ga kuma ƙura. Matatar iska takan toshe da hunturu, babur ya shaƙe, wani ya cire ta ya jefar ya ce ai yanzu ya buɗe. Kwana kaɗan ne. Ƙurar da ta shiga man gurza ce da ba wanda ya shafa, tana cin mazaunin bawul da zobe da bangon silinda. Wanke matatar ko canja ta ya fi sayen fistin arha.

Sai batun sassabe fuskar tof bayan inji ya yi zafi ya ƙone gasket. Gyara ne na halal, amma kowane yanka yana rage kwarmin wuta. Ɗauki babur mai cc 100 da matsewa tara bisa ɗaya: kwarminsa cc 12.5 ne. In aka zabge cc ɗaya, matsewar ta hau zuwa kusan 9.7. A yi haka sau biyu ko uku, ga zafin gari, ga fetur ɗin bakin titi, sai inji ya fara ƙwanƙwasa. Alƙalan NHRA suna auna kwarmin da kwalbar awo da faifan roba mai huda. Sirinji da ɗan gilashin roba da man giris za su yi wannan aikin a kowace inuwar maina.

Tun 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kowace lita ta zama abin lissafi, wasu kuma suka fara mayar da motocinsu kan gas na CNG. Gas yana cinye kusan kashi ɗaya cikin goma na gurbin da iska za ta shiga, shi ya sa ƙarfi ke ɗan raguwa, kuma busasshe ne, yana saurin cin mazaunin bawul. Inji mai shaƙaƙƙen numfashi zai fi jin wannan a jikinsa.

Akwai wata alaƙa da mutane ba su cika lura da ita ba. Ƙaramin injin nan da ke jan ruwa a fadamun Jama'are da Zaki, mai samfurin Honda GX da 'yan uwansa na Sin, irinsa ne Amurkawa ke ɗora wa ƙananan motocin tsere na yara da manya, da doka mai hana gyaran rami, kuma tof ɗinsa yana hawa teburin awo kamar na manyan motoci. Abin da ke hannun manomin rani, shi ne wasu ke zama su auna da inci da CFM.

Shin gareji a Azare yana buƙatar tebur na dubban daloli? Ko kaɗan. Don kwatanci, akwatin katako da aka toshe da kyau, da injin zuƙar ƙura ɗaya ko biyu na gwanjo, da faifan ƙarfe mai huda, da tiyon nan fari da magina ke daidaita gini da shi, sun isa. Makanikai a ƙasashe da dama sun haɗa irinsa da hannunsu. Ba zai ba da lambar da za a buga a mujalla ba, amma zai gaya wa wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ya ga tof uku na gwanjo wanne ya fi numfashi. Zai nuna silindar da ta bambanta da 'yan uwanta. Zai nuna wa yaro, da idonsa, abin da gurzar minti ashirin ta yi wa bawul. Aiki ne daidai ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi, kuma reshen ƙungiyar makanikai ta NATA zai iya ajiye guda ɗaya kowa ya amfana.

Samarin da ke murɗa totur a rakiyar amarya kuwa, su tuna dalilin da ya sa aka kafa NHRA tun farko: don a raba gudu da titin da jama'a ke bi. Abin ɗauka a wurin waɗancan mutane haƙurinsu ne, mutum ya kwana yana auna tof goma don ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kowace lamba a littafi, ya canja abu ɗaya tak kafin ya sake gwadawa.

Makanikin Azare ya iya sauraron inji ya gaya maka ciwonsa, kuma ya riga ya yarda da shaida, tun da bai karɓi maganar yaronsa ba sai da kalanzir ya yi magana. Saura ya yi wa buɗaɗɗen bawul irin tambayar da yake yi wa rufaffe. Tiyo ne da ruwa da littafin rubutu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.